Ana min ƙarin ruwan rituximab a Ingila, zan iya zuwa gida biki?

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Manchesta ce ta turo tambaya. Ana mata ƙarin ruwan rituximab saboda amosanin gaɓɓai, a wajen aiki an auna jininta an ce rigakafin ciwon hanta nau'in B bai kama ba, ga bikin ƙanwarta a Kano ya matso kuma ba ta da katin allurar zazzaɓin shawara.

Sannu 'yar'uwa, Allah ƙara sauƙi. Maganin nan share ƙwayoyin B yake yi, wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki masu wata alama a jikinsu da ake kira CD20, su ne in sun girma suke samar da antibodi, wato sinadaran kariya da ake nema a jini bayan rigakafi, shi ya sa gwajin ya fito haka. Amma fa aikinsu bai tsaya nan ba, sukan kamo guntun ƙwayar cuta su nuna wa ƙwayoyin T, wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki, suna fitar da sinadarin IL-6 mai zuga su faɗa, wasunsu kuma IL-10 suke fitarwa mai kwantar musu da hankali in faɗan ya yi yawa. A ciwonki zugar ce ta rinjaya har garkuwar jiki ta juyo kan gaɓɓanki. A 2008 an gwada maganin a cutar MS, wadda garkuwar jiki ke kai wa ƙwaƙwalwa da laka hari, da ake ɗauka ta ƙwayoyin T ce, da aka share B sai kumburin ƙwaƙwalwa ya ragu sosai.

To don Allah kar ki bari a miki allurar zazzaɓin shawara yanzu, ƙwayar cutar da ke ciki rayayya ce, raunana ta kawai aka yi. Ki sa Mama ta duba tsofaffin takardu, in an taɓa miki to tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. In babu, likita ya rubuta miki takardar uzuri, sai dai takarda ba ta hana sauro mai yaɗa zazzaɓin cizo, ku zauna da shi ku auna tafiyar da gaske, a haɗa miki da maganin rigakafin maleriya da gidan sauro.

Wanda ya fi damuna ciwon hanta ne, ya yi yawa a yankinmu kuma rituximab na iya tayar da wanda ya daɗe a kwance. Ki tabbatar an miki gwajin HBsAg da anti-HBc, gwajin jini ne masu nuna ko kina da ƙwayar ciwon hanta B ko kin taɓa kamuwa da ita. Wajen aiki kuwa ki kai musu wasiƙar likitanki, a maimaita rigakafin ciwon hantan aƙalla sati 4 kafin ƙarin ruwa na gaba.