Wai Wasan Bidiyo Yana Sanin Inda Nake Kallo?

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai wasannin da ke gane inda mutum yake kallo, har su san ya tsorata. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, ƙanena. Tabarau ɗin wasan bidiyo mai suna PlayStation VR2, wanda kamfanin Sony ya fitar a 2023, yana da ƙananan kyamarori a ciki masu bin motsin ƙwayar idonka. Abin da ya fi burge ni shi ne, na'urar takan fito da hoton wurin da ka zuba wa ido tangaran, ta bar gefe-gefe da ɗan dishi-dishi don ta rage wa kanta aiki, kai kuwa da wuya ka lura.

Batun tsoro ma tsoho ne. Tun 1998 wasan Tetris 64 ya fito a Japan da 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne tana auna bugun zuciya. A wasan Nevermind na 2015 kuwa, da zarar zuciyarka ta fara dukan uku-uku sai abin ya ƙara wuya har ka natsu. Sai dai na'urorin da ke bin zuciya, bugun kawai suke aunawa. Ko gudu ka sha, za su ɗauka tsoro ne.