Kada ka bari tina ta taɓa motar Baffa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Baffa, ya kyautata makwancinsa.

Na duba hotuna ukun da ka ɗora, na kuma fahimci tambayarka: ka tsinci 'yar motar roba a akwatin marigayi, wadda ya haɗa da hannunsa lokacin da yake karatu a Amurka a shekarun 1970. Fentinta ya yi kauri har ya tsattsage, gilashin ya yi hazo, taya ɗaya ta ɓata, kana so ka ji ko za ka jiƙa ta a tina, ruwan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, ka wanke fentin ka sake mata sabo.

Ƙanena, don girman Allah kada ka yi. In ma ka riga ka sayo tinar, ka kai wa mai fentin ƙofar unguwarku sadaka. Ni da kake gani da wannan wautar na buɗe sana'ar. Wata 'yar motar roba Mustang ce na samu an dambara mata jan fenti da burushi, na zuba tina a tsohuwar langa na tsunduma ta, na tafi sallar la'asar hankalina kwance. Ko da na dawo rufin ya lotsa kamar alewar da aka manta a aljihu, layin ƙofofi ya shafe, na ɗaga ta da cokali tana zarara. Dalili shi ne irin robar da ake yin motocin nan da ita, wato polistirin, narkewa take a tina. Haka take yi a fetur, haka a ruwan goge fentin farce na mata. Kai, gam ɗin da ake haɗa su da shi ma ba manna su yake ba, narka bakin robar yake su haɗe su zama abu ɗaya. To ka ga abin da ɗigo ɗaya yake narkarwa, ina ga an yi masa wanka.

Motar taka Chevrolet Bel Air ce ta 1957, ba ko tantama. Fikafikan nan na baya da farin fallen nan mai siffar tsini a gefenta sun isa shaida. Ta gaskiyar tsawonta inci 200 ne, wato mita biyar da ɗan ɗoriya. Ɗauko rula ka auna taka: idan ka samu santimita 20 da 'yan kai, ma'auninta 1/25 ne, wato ta gaskiyar ta ninka ta sau 25 a tsawo, wanda kamfanonin AMT da Revell masu yin 'yan motocin nan suka fi yi, idan ta haura 21, to 1/24 ce, irin ta kamfanin Monogram. Bambancin kamar ba komai ba, amma ranar da ka sa tayar wannan a jikin waccan idonka zai gaya maka. Ka kuma kifa ta ka duba ƙarƙashin shasi da fitilar waya, sau da yawa sunan kamfanin na nan a rubuce da ƙananan haruffa, sai dai in fenti ya binne shi. Idan ƙofofinta da but ɗinta na buɗewa, zato na ya fi tafiya ga tsohuwar ta Revell, kuma wannan sai an lallaɓa ta, maƙalan ƙofar sirara ne ƙwarai.

Abin da zai yi maka daɗi shi ne wannan mota ba ta yanke a kasuwa ba. AMT ya faro ne a 1948 a jihar Michigan, yana yi wa dillalan motoci 'yan samfura na talla, sai a 1958 ya fito da kwalayen da mutum zai haɗa da kansa ta hanya uku: yadda ta fito daga kamfani, ko ta ƙawa, ko ta tsere. Yau kamfanin Round 2 ne ke riƙe da sunan AMT da na takwaransa MPC, yana ta sake buga tsofaffin. Saboda haka shawarata ta farko, ka nemi sabuwar Bel Air ta 1957 mai ma'auni ɗaya da taka, ko ta intanet ko ta hannun wani mai dawowa daga waje. A kanta za ka koyi hannu, a kanta za ka yi kurakuranka, kuma daga cikinta za ka samu tayar da ta ɓata, don irin kwalayen nan kan zo da rarar kaya. Motar Baffa guda ɗaya ce a duniya, ba da ita ake gwaji ba.

Sai wata magana da ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Ka tabbata kana son cire fentin nan? A hoto na biyu, gefen ƙofar direba, ina ganin sawun burushi, da wani wuri kusa da bonet da kamar yatsa ya taɓa fentin kafin ya bushe. Hannun Baffa ke nan, wataƙila a wani ɗakin ɗalibai ana sanyi a waje. Idan ka wanke ka fesa sabo, za ka samu mota mai kyau irin wadda kowa zai iya haɗawa. Da ni ne, wanke ta zan yi da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke da burushin haƙori mai laushi, in gyara gilashi, in mayar da taya, in bar fentin yadda yake. Ra'ayina ke nan, motar taka ce.

In kuwa ka ƙudurta sai an sabunta ta, to ga yadda nake yi.

Ka fara ɗaukar hotonta ta kowace kusurwa, har ciki da ƙasa, don bayan wata guda ba za ka tuna ina wane ƙaramin abu yake ba. Sannan ka tsoma ta a ruwa ya shiga duk wani lungu, ka sa a leda ka jefa firiza ta kwana. Ruwan da ya shiga mahaɗa zai daskare ya kumbura, tsohon gam kuma sanyi na sa shi gautsi, da safe sai ka ji wasu sassan na ɓallewa da ɗan motsi kaɗan. Ba duka za su saki a karon farko ba, ni na taɓa maimaitawa sau huɗu saboda wuta ba ta zama. Inda ya ƙi, ka bi mahaɗar da bayan reza a hankali. Kada ka ɓanɓare da ƙarfi, musamman ginshiƙan gilashin gaba, nan ne wurin kuka.

Tayoyin ka ware su a ledarsu daban tun yanzu. Robarsu mai laushi ce, akwai wani sinadari a cikinta da kan tsatso ya ci robar jikin motar in sun daɗe a manne. Duba rim ɗin da kyau, in ka ga bakinsa ya yi laushi ko ya narke, aikinsu ne. Lokacin mayarwa, ka shafa fenti a inda rim zai taɓa taya ya zama shamaki.

Fentin wancan zamanin yawanci mai mai ne, kuma abin da ke cin sa ba tare da ya taɓa roba ba shi ne kumfar wanke murhun gashi, wadda ke da soda irin ta masu yin sabulu. Ka fesa, ka ɗaure a leda, ka bari ya kwana, ka goge da burushin haƙori a ƙarƙashin famfo. Safar hannu dole, ka kare idonka, kuma a tsakar gida ba a ɗaki ba. Wasu na amfani da man birki, yana ci kuwa, amma na ga ya mayar da tsohuwar roba gautsi har ta tsage a hannuna, don haka na bar shi. Ko me za ka yi amfani da shi, fara gwadawa a ƙasan kujera inda ido ba ya kaiwa. Bamba da giril da suka dusashe kuma, ruwan bilic irin su Hypo na cire musu silbar cikin ɗan lokaci. Kada ka kuskura ka gauraya shi da wani maganin wanki.

Gilashi shi ne inda mutane ke karaya, alhali yana gyaruwa in hazon a sama yake. Samfefa mai lamba 1000 da ruwa, sannan 2000, zai yi fari fat kamar ka lalata shi, kada ka tsorata. Daga nan farin man goge baki da tsumma mai laushi, kana murzawa kana sauraron rediyo, har ya washe. In gam ya ci ciki sosai, ɗauki na sabon kwalin kawai. Wajen mayarwa kada ka sa sufa gulu, tururinsa ke sa wannan farin hazon. Farin gam na kafintoci irin Top Bond, a bakin tsinken sakace, ya wadatar, in ya bushe ba a ganin sa.

Fesawa kuma, fentin gwangwani na mota yana da zafi, in ya sauka kai tsaye a kan roba sai ta yamutse. Sai ka fara da firaima, wato fentin shimfiɗa na farko, siriri, hawa biyu. Ka yi ta fesawa sama-sama daga nisan kamar taƙi ɗaya, kana ba da tazara, maimakon ka zuba sau ɗaya ya yi hawaye. Yanayinmu ma sai an yi dabara da shi: da hunturu ƙura ce, ina gama fesawa nake kifa mata babbar roba mai tsabta, da damina kuma laima kan sa fentin ya yi fari-fari, sai in jira rana mai kyau. Ka ba shi mako guda kafin ka taɓa, ko da ya yi kamar ya bushe.

Idan kana son ta koma kamar yadda ta fito a 1957, injinta mai silinda takwas da ake kira 283, launin lemo Chevrolet ke yi masa. Ragar giril da alamar V ta bonet ruwan zinare ne a Bel Air, yawancin masu haɗawa na mantawa su bar su fari. Launin jiki da ya fi shahara shi ne shuɗi-kore da suka kira Tropical Turquoise da rufi fari, India Ivory, ko kuma ja, Matador Red. Layukan silba na gefe, akwai siririn falle mai gam a baya, Bare-Metal Foil, da ake mannawa a datse da sabuwar reza. In bai samu ba, alƙalamin Molotow na silba ya fi sauƙi ga sabon hannu, sai dai ba ya son taɓi bayan ya bushe.

Ka ɗora mana hoton ƙarƙashinta da rula a gefe, da na tayoyi ukun da suka rage. Ina da gwangwanin rarar kaya a nan, in 1/25 ce ina jin ba za a rasa taya mai farin gefe da za ta dace ba.