Sai ƙungiyar da ta tara manya ce ke cin kofi a hokin ƙanƙara na matasa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune da iyalina a Regina ta Kanada, kuma yarona ne ya ja ni kallon wasan Pats, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta matasan garinmu, har na kamu. A kakar 2022-23 mun sha kallo a wurin Connor Bedard, amma tun zagayen farko aka yi waje da ƙungiyar. Maƙwabcina ya ce min yaro ba ya ciyo kofi a wannan gasa, sai an tara manya. Gaskiya ne, ko dai hirar 'yan kallo ce?

Amsa: Barka kadai, Malam. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, amma maganar tasa tana bukatar gyara, domin wanda ya ɗauke ta yadda take zai riƙa lissafin da ba zai fisshe shi ba.

Manyan gasannin matasa na Kanada uku ne, WHL da OHL da QMJHL, kuma 'yan shekara 16 zuwa 20 ne ke bugawa. Shekara huɗu ba komai ba ce tsakanin ɗan 26 da ɗan 30. Tsakanin ɗan 16 da ɗan 20 kuwa, tazara ce ta yaro da magidanci. In ka sake zuwa kallo, ka sa ido a kusurwar fili lokacin da faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo ya maƙale a jikin katanga. Yaron zai iso da gudu, hannunsa ya fi na kowa iya sarrafa sanda, amma babban sai ya ɗora masa kafaɗa, ya tokare shi da ƙugu, ya ture faifan da ƙafa zuwa wurin abokinsa. Ba wanda zai tafa wa wannan, amma a wasa ɗaya ana yin irinsa ba adadi. Ga wasa 68 a kaka a WHL, ga doguwar tafiya a bas cikin hunturu, wadda ku 'yan WHL kun fi kowa saninta. Jikin da ya gama ƙosawa ya fi jure wannan. Shi ya sa doka ta taƙaita 'yan shekara 20 zuwa uku kacal a kowace ƙungiya. Mu da muka taso muna jin cece-kucen shekaru a gasar ƙwallon ƙafa ta 'yan ƙasa da 17 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Shi Bedard ɗinku ya tara maki 143 a wasa 57 yana ɗan 17, duk da haka Saskatoon Blades ta fitar da Regina a wasa na bakwai. Ba kansa farau ba. A 2005 Sidney Crosby, shi ma yana ɗan 17, ya kai Rimouski wasan ƙarshe na kofin Memorial, wanda zakarun gasannin nan uku ke fafatawa a kai, sai suka haɗu da London Knights (London ta Ontario, ba Landan ta Ingila ba) wadda Corey Perry, wanda ya fara kakar yana ɗan 19, ke ja. Knights sun buɗe kakar da wasa 31 ba a doke su ba, suka kuma lallasa Rimouski da ci 4 da nema. A watan Janairun shekarar, lokacin da rikicin albashi ya rufe NHL, babbar gasar ƙwararru, Kanada ta samu duk manyan matasanta a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20, ta ci Rasha 6 da 1 a wasan ƙarshe. Masu bin wannan gasa sun daɗe suna ce mata gasar 'yan 19.

Inda nake rabuwa da maƙwabcinka shi ne a kan me ya haifi me. Labarin Erie Otters ya fi kowane nuna abin. An ba Connor McDavid izini na musamman ya shiga OHL yana ɗan 15 a 2012, kuma a kakarsa ta farko ƙungiyar tana can ƙasan teburi. A 2015 ya kai su wasan ƙarshe, Oshawa Generals ta doke su, ya wuce ƙungiyar Edmonton ta NHL. Erie ba ta sake cin kofin OHL ba sai 2017, bayan tafiyarsa da shekara biyu. Dubi yadda aka haɗa wannan ƙungiya. Ƙungiyar Arizona ta NHL ta gwada Dylan Strome a 'yan wasanni kaɗan, ta mayar da shi Erie yana ɗan 19, saboda yarjejeniyar da ke tsakanin NHL da gasannin Kanada a lokacin ta hana a tura irinsa ƙaramar gasar ƙwararru. Alex DeBrincat sa'ansa yana nan. Da Janairu ta zo, shugabannin suka ga kofi na iya samuwa, suka sayo Anthony Cirelli ɗan 19 daga Oshawa, da Warren Foegele ɗan 20 daga Kingston. Foegele ne ya zama gwarzon wasannin neman kofin, Cirelli kuma ya ci ƙwallon da ta ba su kofin a ƙarin lokaci.

Ka ga ke nan ƙungiyar ta riga ta yi ƙarfi kafin ta ƙara tsufa. Haka abin yake kusan kowace shekara. Kafin a rufe kasuwar musayar 'yan wasa a farkon Janairu, wadda ke saman teburi takan ba da yaranta da damarta ta zaɓen sababbin yara a shekaru masu zuwa, ta karɓo manya. Wadda ta fid da rai takan sayar da manyanta, ta cika da yara. In ka zo a watan Maris ka ɗauki alƙalami, dole ka ga na sama sun fi shekaru, na ƙasa sun fi ƙuruciya. Wani ɓangare na wannan bambanci shekaru ne suka jawo shi, wani kuma nasarar ce ta jawo shekarun. Kuma bashin yana zuwa: kakar da ta biyo baya Erie ko wasannin neman kofi ba ta shiga ba.

Shi ya sa ba na ba matsakaicin shekarun ƙungiya muhimmanci sosai. Mutum 20 ke sa riga a kowane wasa, amma ba daidai suke daɗewa a kan ƙanƙara ba. Ɗan 16 da ke layi na huɗu, wato rukunin 'yan gaba na ƙarshe, zai ja lissafin ƙasa alhali zaman benci ya fi yi. Akwai kuma ɗan 19 da yake nan don ya gagari yara, akwai wanda yake nan don ba inda ake nemansa. A takarda shekarunsu ɗaya. Ni abin da nake dubawa shi ne shekarun mai tsaron gida, da 'yan baya huɗu na farko, da masu buga tsakiya a layi biyu na gaba, sannan su waye ukun nan 'yan 20 kuma wane aiki koci ya ba su. In ɗaya daga cikinsu zaman benci yake yi, an yi asarar gurbi. Sai kuma sa'a, domin ƙungiya ba ta da iko a kan ko NHL za ta dawo mata da tauraronta. Da Arizona ta riƙe Strome, da wani labarin muke yi.

Abu ɗaya ya sauya wanda zai iya dagula wannan lissafi. A Nuwamba 2024 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta janye haramcin da ta ɗora wa 'yan gasannin Kanada, daga kakar 2025-26. Kafin wannan kakar ta fara Gavin McKenna ya bar Medicine Hat Tigers, wadda ya ci kofin WHL da ita a 2025, ya tafi jami'ar Penn State. Da can shugaban ƙungiya yakan zaɓi yaro yana lissafin zai more shi a shekara 18 da 19. Yanzu daidai wannan lokacin ne jami'a za ta iya ɗauke shi. Don haka idan Pats ta sake zaɓen wani yaro mai tashe, kai da maƙwabcinka ku fara tambayar kaka nawa zai zauna a Regina, da su waye za su cika 19 tare da shi.