Na sa Linux, wifi ya ɓace, allo ya yi baƙi: amsoshin tambayoyinku

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, tambayoyi kan Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, suke ta shigowa kamar ba gobe, kuma ba abin mamaki ba ne tunda yawancin laftop ɗin da ke hannun mutanenmu ƴan gwanjo ne, irinsu HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, da yawansu kuma Windows 11 ba ta yarda da su saboda tana neman TPM 2.0 (wani ɗan sashe na tsaro a cikin injin) da firosesa na Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama. Na zaɓo guda biyar da suka fi maimaituwa.

Tambaya: Salam Injiniya. Ni ɗalibi ne a Zariya, na goge Windows na sa Linux Mint a HP ɗina, komai ya tafi daidai amma wifi kwata kwata babu shi, ko alamarsa ma bana gani. Shin katin wifi ɗin ne ya ƙone?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, da wuya ace ƙonewa ya yi, abin da yake aiki jiya ba zai ƙone don kawai ka canza manhaja ba. Fara duba abu mafi sauƙi, wasu HP ɗin suna da ɗan maɓalli na wifi a saman madannai mai fitila, in ta nuna ruwan lemo to a kashe yake, ka danna shi. In ba shi ba ne, buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta lspci ka danna Enter, zai jero maka duk kayan da ke cikin injin, ka nemi layin da ke da Network controller. Ina kyautata zaton zaka ga an rubuta Broadcom, sunan kamfanin da ya ƙera katin.

Matsalar ita ce direba, wato ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya magana da wani sashe na jikinta. Su Intel direbobinsu a buɗe suke, suna cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar, tun daga tushe, shi yasa mai katin Intel yana sawa wifi yake kamawa bai ma san ana wata wahala ba. Broadcom kuwa ga tsofaffin katunansu da yawa direba rufaffe suka bayar, sai ka saka shi da kanka daga baya. Toh a nan ne abin haushin yake, kana buƙatar intanet don ka sauke direban, kuma direban ne zai baka intanet.

Mafita tana aljihunka. Haɗa wayarka ta Android da laftop ɗin da kebul, ka shiga saitin wayar wajen Hotspot ka kunna USB tethering, Linux zai ɗauke ta kamar kebul ɗin intanet na ofis ba tare da ka saka komai ba. Daga nan buɗe Driver Manager, ka bari ya gama bincike, ka zaɓi direban Broadcom ɗin, ka sake kunna kwamfutar. Masu Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin, su nemi Additional Drivers, aiki ɗaya suke. Amma ka lura da wani abu da yake kayar da mutane da yawa: in Secure Boot, wato tsaron da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi, a kunne yake, za a ce ka zaɓi wata kalmar sirri, kuma da ka sake kunnawa wani shuɗin allo mai ban tsoro zai fito, mutane sai su firgita su danna Continue boot su wuce. Kar ka wuce. Zaɓi Enroll MOK, ka ce Yes, ka rubuta kalmar sirrin nan, in ba haka ba direban yana nan a ciki amma ba za a barshi ya yi aiki ba, ka yi ta zagin Linux alhali ƙofa ce kawai ba ka buɗe masa ba.

Sannan gaskiya ka yi gaggawa da ka goge Windows kai tsaye. Filas ɗin da ka saka Mint da shi yana baka damar gwada tsarin gaba ɗaya ba tare da ka taɓa had dis ba, a nan ya kamata ka gwada wifi, sauti, kyamara, bulutut da hasken allo, minti 15 ya isa, da tun a nan zaka san abin da ke jiranka.

Tambaya: Malam barka da aiki. Dell Latitude gareni, ina so in haɗa Ubuntu da Windows a kai, amma da na zo wajen zaɓar had dis sai ya nuna babu komai sai filas ɗina, ko kuma ya ce in kashe RST. Alhali Windows tana tashi lafiya lau.

Amsa: Wannan halin Dell ne sosai, suna fitowa da saitin had dis a kan RAID, fasahar Intel da ake kira RST, shi kuma mai saka Ubuntu ba ya ganin dis ɗin in yana wannan yanayin, sai an mayar da shi saitin AHCI a cikin BIOS, wato wurin saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Amma don Allah kar ka ruga ka canza, domin in ka canza haka kawai Windows zata ƙi tashi ta watso maka shuɗin allo. Da farko kwashe muhimman fayilolinka ka ajiye a wani wuri. Duba ko BitLocker, makullin da Windows ke kulle had dis da shi, a kunne yake, in haka ne ka nemo mabuɗinsa mai lamba 48 ka rubuta a takarda, galibi yana cikin asusunka na Microsoft, ka kuma dakatar da shi tukuna. Sai ka buɗe msconfig a Windows, ƙarƙashin Boot ka sa alama a Safe boot, ka sake kunnawa kana danna F2 har ka shiga BIOS, ka canza SATA Operation zuwa AHCI ka adana. Windows zata tashi a Safe Mode ta ɗauki direban da ya dace da kanta, ka koma msconfig ka cire alamar, shikenan.

Kuma kar ka fara raba had dis in batirinka ya mutu kana dogaro da wutar NEPA, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rabon zaka iya rasa Windows ɗin da fayilolin duka. Ka bari sai kana kan sola ko janareta mai isasshen mai.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na gama sawa lafiya, na cire filas na kunna, sai allo ya yi baƙi ƙirin amma fanka tana juyawa. Laftop ɗin irin na masu gem ne, akwai sitikar katin hoto na NVIDIA a jiki.

Amsa: Sitikar nan ta gama bada amsa. Direban NVIDIA da Linux yake zuwa da shi, nouveau, masu sa kai ne suka rubuta shi ta hanyar bin diddigin yadda katin yake aiki, sun yi ƙoƙari walahi amma ba kowane kati yake ɗauka ba. Kwamfutarka ta tashi, hoton ne kawai bai iso allo ba. Sake kunnawa kana ɗan danna Esc, ko ka riƙe Shift a tsofaffin injina, har jerin GRUB ya fito, wato jerin zaɓar manhajar da za ta tashi, danna harafin e, nemi layin da ya fara da linux, bayan quiet splash ka bar fili ka rubuta nomodeset, sai F10. Zai tashi da hoto mai manyan rubutu mara kyan gani, kar ka damu na wucin gadi ne, je Driver Manager ka saka direban NVIDIA wanda aka ce shi ake bada shawara, ka sake kunnawa. Maganar shuɗin allon MOK da na yi a sama kai ma ta shafe ka.

Tambaya: Ni ko tashi daga filas ɗin ma ya ƙi, na kwafa fayil ɗin ISO na Linux da na sauke a ciki amma kullum Windows ce ke fitowa.

Amsa: Hajiya ba a kwafa shi kamar waƙa ko bidiyo, sai an rubuta shi da Rufus ko balenaEtcher, ko ki sa Ventoy a filas ɗin tukuna, shi ne yake karɓar kwafi kai tsaye. Filas mai 8GB ya isa, Mint kusan 3GB ne, Ubuntu 24.04 ya kai wajen 6GB, ki lissafa datarki. Bayan nan ki danna F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, da zarar kin kunna. In yana tsayawa a tsakiya da kuskure ki canza filas, jabu sun yi yawa a kasuwa, a rubuta 32GB a jiki amma cikinsa bai kai rabin haka ba.

Tambaya: Tunda na haɗa Linux da Windows, duk sanda na dawo Windows agogo yana baya da awa ɗaya cif. Batirin agogon ne ya mutu?

Amsa: A'a, da batirin ne da ba zai tsaya a awa ɗaya daidai ba, sai ka ga kwanan wata ma ya koma shekarun baya. Agogo ɗaya ne a cikin injin amma Linux da Windows kowa da yadda yake karanta shi, Linux yana saita shi a kan lokacin duniya na UTC sannan ya ƙara awar ƙasarka, Windows kuma tana ɗauka abin da ta gani shi ne lokacin gida. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya, ka ga inda awarka ta tafi, ƴan'uwanmu na Kumasi da Accra ba su ma san da wannan matsalar ba don su lokacinsu daidai yake da UTC. Shiga Linux ka buɗe Terminal ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, zai ɗan yi maka gargaɗi amma gargaɗin ya fi shafar ƙasashen da ke canza agogo da bazara, mu ba ma yi. Sai ka koma Windows ka gyara lokacin sau ɗaya.