Me ya sa Faransa ta sallama Kanada ta riƙe tsibiran rake a sulhun 1763?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Damagaram. Na karanta cewa bayan Yaƙin Shekara Bakwai, Faransa ta bar wa Ingila ƙasar Kanada ɗungurungum, ta karɓi wasu 'yan tsibirai da sai mutum ya ƙura ido kafin ya gan su a taswira. Wannan ciniki ya ɗaure mini kai. Tilasta mata aka yi, ko wakilanta ne ba su iya zaman sulhu ba? Kuma yaya ake irin wannan zama a zamanin da babu waya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Akwai tilas a ciki, domin Faransa ta sha kashi ƙwarai. Amma a ɗan abin da aka bar mata ta zaɓa, da idonta a buɗe ta ɗauki rake da kifi ta bar Kanada. Taswira ce ke ruɗinmu a nan. Mu faɗin ƙasa muke dubawa, su kuwa abin da suke ɗorawa a sikeli shi ne kuɗin da wuri ke kawowa baitulmali da yawan matuƙan jirgin ruwa da yake horarwa.

Yaƙin ya ɓarke a Turai a 1756, ko da yake tun 1754 aka fara ba hamata iska a dazukan kwarin Ohio a Amurka. Da farko Faransa ce da nasara, har ta ƙwace tsibirin Minoka na Bahar Rum daga hannun Ingila. Daga 1758 reshe ya juye da mujiya. A shekarar Ingila ta kama sansanin Luwisbag na gaɓar Kanada da Sanluwi ta bakin kogin Senegal da tsibirin Gore na gaɓar Senegal, a 1759 ta kama Gwadalup, tsibirin rake a tekun Karibiyan, da birnin Kebek na Kanada, a 1760 Montiriyal ta Kanada ta miƙa wuya, a 1761 Pondisheri ta Indiya ta faɗi, a farkon 1762 kuma Martinik, wani tsibirin raken, ta bi sahu.

A al'adar sarakunan Turai na wancan zamani, ƙasar da ka ci da yaƙi ba ta zama taka ba tukuna. Jingina ce a hannunka har ranar sulhu. Kowa zai zo da abin da ya kama, a baje, a yi tayi, wannan ya ce albarka, a ƙara, har a sallama. Faransa ma ba hannu rabbana ta zo ba. Tana riƙe da Minoka, sojojinta kuma suna zaune a wasu yankunan Jamus suna barazana ga Hanoba, wadda ita ce ƙasar gadon Sarkin Ingila kansa.

An fara gwada sulhu a 1761. Ingila ta aika Hans Stanley zuwa Paris, Faransa ta aika Bussy zuwa Landan. Duc de Choiseul, babban wazirin Sarki Louis na 15, bai yi wani dogon ja-in-ja a kan Kanada ba. Inda ya kafe shi ne kamun kifi a tekun Niyufanlan, gabas da Kanada. William Pitt, wanda ke jan ragamar yaƙi a Ingila, ya so ya hana Faransa wannan teku kwata-kwata, kuma dukansu sun san ba maganar miya ake yi ba. Dubban samarin Faransa ne ke fita kowace shekara zuwa wannan teku mai sanyi da igiyar ruwa, su yi watanni suna ja da filafilai da igiyoyi. Ranar da yaƙi ya tashi, daga cikinsu ake ɗiban matuƙan jiragen yaƙi. Jirgi ana iya sassaƙa shi cikin shekara ɗaya ko biyu, amma gogaggen matuƙi sai an yi shekaru ana renonsa. Wanda ya raba Faransa da kifin ya karya mata rundunar ruwa ke nan har abada. Maganar ta watse, Choiseul ya ƙulla ƙawance da Sifaniya a watan Agusta 1761, Pitt ya nemi a far wa Sifaniya nan take, abokan aikinsa suka ƙi, ya ajiye aiki a watan Oktoba. Duk da haka, a farkon 1762 yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Sifaniya.

Sai mu zo kan Kanada da Gwadalup. Faransawan Kanada ba su wuce dubu 70 ba, alhali mazauna yankunan Ingila da ke kudu da su sun kai kimanin miliyan ɗaya da rabi. Abin da Kanada ke fitarwa mafi yawa fatun dabbobin daji ne, kuma abin da ake kashewa wajen tsaronta ya fi abin da take kawowa. Gwadalup kuwa, duk da ƙanƙantarta, sukarin da take fitarwa ya fi dukan fatun Kanada kuɗi nesa ba kusa ba. A Ingila kanta an yi ta rubuce-rubuce ana gardama a kan wanne za a riƙe. Masu gonakin rake na Jamaika da Barbados, waɗanda ke da baki a majalisa, ba su so sukarin Gwadalup ya shigo kasuwarsu ya karya musu farashi. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin mazauna yankunan Ingila na Amurka, ya yi rubutu a 1760 yana goyon bayan a riƙe Kanada don mutanensa su samu barci. Wasu kuma suka yi gargaɗi cewa tsoron Faransa ne ke riƙe da mazauna Amurka a gindin Ingila, in aka kawar da shi za su ɗaga kai. Ba a saurare su ba.

Da Lord Bute, na hannun daman sabon sarki George na 3, ya karɓi ragama, ya ƙosa a gama yaƙin saboda bashi ya yi wa ƙasar katutu. Tun da ƙasashen biyu ba su da jakadu a biranen juna, sai aka bi ta hannun dillalai: jakadan Sardiniya a Landan, Viry, da takwaransa na Paris, Solar. Su ne suka yi watanni suna kai wasiƙu da kawowa a asirce, kowace wasiƙa ta yi kwanaki a kan doki da jirgin ruwa. Sai da aka daidaita manyan batutuwa sannan aka fito fili a watan Satumba 1762, Duke na Bedford ya tafi Paris, Duc de Nivernais ya zo Landan.

Ana dab da sallamawa sai ga labari ya iso Landan a ƙarshen Satumba cewa birnin Habana na Kyuba ya faɗa hannun Ingila tun watan Agusta. Nan ciniki ya dagule. Habana ita ce ƙofar dukiyar Sifaniya a Amurka, kuma 'yan majalisar ministoci suka ce ba za a mayar da ita kyauta ba. Dole Sifaniya ta ba da Fulorida a madadinta. Don Sarkin Sifaniya Carlos na 3 ya haƙura ya sa hannu, Faransa ta ba shi Luwiziyana ta yamma da kogin Misisipi har da birnin Niyu Olins, a wata takarda ta sirri da aka sa wa hannu a Fontainebleau ranar 3 ga Nuwamba 1762, ranar da aka amince da daftarin sulhun. Mutanen Luwiziyana ba su ji an ba da su ba sai a 1764. Manila ta Filifin kuwa, wadda ita ma ta Sifaniya ce, Ingila ta kama ta a watan Oktoba 1762, amma labarin bai iso Turai a kan lokaci ba, don haka ba ta shiga cinikin ba. Akwai sharaɗin da ya ce duk wurin da aka ci wanda ba a ambata ba a mayar da shi ba tare da diyya ba, haka aka mayar da ita. Wannan shi ne amsar tambayarka ta biyu: da tsohon labari ake zaman, kuma ranar da jirgi ya iso tana iya sauya makomar ƙasa sukutum.

An sa hannu na ƙarshe a Paris ranar 10 ga Fabrairu 1763. Ingila ta riƙe Kanada da duk abin da ke gabas da Misisipi in ban da Niyu Olins, da Girenada da Dominika da San Binsent da Tobago da Senegal, aka mayar mata da Minoka. Faransa ta karɓi Gwadalup da Martinik da Santa Lusiya da Gore, da rumfunan kasuwancinta na Indiya bisa sharaɗin ba za ta gina ganuwa ko ajiye soja a Bengal ba. Ta kuma samu kifinta, da 'yan tsibirai biyu, San Piyer da Mikelon, inda masuntanta za su fake. Dubi yadda aka tsananta a nan: an rubuta cewa ba za a yi musu ganuwa ba, ba za a yi gini ba sai na aikin kifi, kuma masu gadi kada su wuce mutum 50. Da Faransanci aka rubuta takardar, amma aka ƙara sharaɗi na musamman cewa hakan ba zai zama hujja a gaba ba.

Akwai wani ɓangare da nake so ka tsaya a kansa tare da ɗalibanka, domin shi ne ya shafi nahiyarmu. Ingila ta riƙe Sanluwi ne saboda ƙaro, wannan dai ƙaron da muka sani, wanda masaƙun Turai ba sa iya buga zane a jikin yadi sai da shi. Faransa kuwa ta dage a kan Gore saboda tsibiran rake ba su da amfani in babu masu saran rake, kuma daga gaɓar Afirka ake kwaso su a ɗaure. Duk ribar da ta sa Gwadalup ta rinjayi Kanada a sikeli, gumi ne da jinin bayi. A 'yan shekarun da Ingila ta riƙe Gwadalup, fatakenta sun sauke dubban 'yan Afirka a can, haka ma a Habana cikin watannin da ta yi a hannunsu. Idan na karanta sharaɗi na 10, wanda ya yi maganar Senegal da Gore a cikin 'yan layuka, raina yana ɓaci, domin babu ko kalma ɗaya a kan mutanen. Kuma abin da Turawan suka mallaka a wurin ɗan tsibiri ne da rumfunan ciniki. Suna biyan sarkin Walo da shugabannin Tararza da Barakna kuɗin al'ada kafin su sayi ƙaro a bakin kogin. Ba a tuntuɓi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Haka aka yi wa 'yan asalin Amurka. Ƙasar da Faransa ta ce ta sallama tsakanin tsaunukan Apalashiya da Misisipi, yawancinta ba a hannunta take ba, masu ita suna zaune a kanta. Wata uku da sa hannu, a watan Mayu 1763, Pontiac na ƙabilar Odawa ya yi wa sansanin Ingila na Ditiroyit ƙawanya, ƙabilu da dama suka tashi tare da shi suka ƙwace sansanoni.

Game da ko wakilan Faransa ba su iya ba, ra'ayina shi ne Choiseul ya fita da fiye da abin da filin daga ya ba shi. Pitt ma haka ya gani. Ranar 9 ga Disamba 1762 aka tallafo shi zuwa majalisa, ƙafafunsa a naɗe saboda ciwon gaɓɓai, ya yi sama da awa uku yana sukar daftarin, yana cewa an mayar wa Faransa da abin da za ta farfaɗo da shi. Aka kaɗa ƙuri'a, 319 suka amince, 65 suka ƙi. Bashin Ingila ya kusa ninkawa a yaƙin, ta nemi mazauna Amurka su ɗauki wani kaso ta hanyar harajin hatimi na 1765, rigima ta tashi daga nan. Choiseul kuma ya duƙufa wajen sake gina rundunar ruwa. A 1778 Faransa ta shiga yaƙi a ɓangaren Amurkawa masu neman 'yanci, a 1779 ta sake ƙwace Sanluwi, kuma a sulhun 1783 aka tabbatar mata da Senegal aka ƙara mata da Tobago. Kanada dai, Faransa ba ta nemi a mayar mata da ita ba. San Piyer da Mikelon, da Gwadalup da Martinik, har yau ƙasar Faransa ne, kuɗin yuro ake kashewa a cikinsu.