Kafin a nemi masu tallafi, a fara tsayar da jadawali

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da gasar lig ta mata ke yin tsiro ta bushe, kuma ko rashin kamfanonin tallafi ne ya jawo. Shekara tara na yi ina horar da 'yan mata, kafin nan ni ma na taka leda, to bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Kuɗi kam ana buƙata, amma abin da ya fi karya mu shi ne jadawalin da ba ya tsayawa. Akwai shekarar da muka kwashe wata uku muna atisaye safe da yamma, ana saura kwana huɗu a fara sai aka ce an ɗage. Aka sake ɗagewa. Mai tsaron ragarmu, yarinyar da ƙwallo ke maƙale mata a hannu kamar danƙo, ta zo ta ajiye safar hannunta a kan benci ta ce, "Koci, Baba ya ce tunda babu wasa in koma gida." Na rasa bakin magana, don uban yana da gaskiya. Har yau abin yana ci mini rai. Wane kamfani ne zai zuba kuɗinsa a gasar da ba a san ranar farawarta ba?

Ki duba Amurka, duk da arzikinsu. Bayan sun ci kofin duniya na mata a 1999 suka fara gasar lig ta mata mai suna WUSA a 2001, aka yi ta facaka da kuɗi, kaka uku kacal ta rushe. Wata gasar mai suna WPS ta zo a 2009, ita ma kaka uku. Da za a fara gasa ta uku, NWSL, a 2013 sai suka sauko ƙasa: ƙungiya takwas, kuma hukumomin ƙwallon Amurka da Kanada da Meziko suka ɗauki nauyin albashin 'yan wasan ƙasashensu, kulob-kulob suka samu sauƙi. Ita ce ta ɗore har yanzu.

Ingila ma da ƙungiya takwas ta fara tata gasar mata, WSL, a 2011. Sai a 2018 aka mayar da ita ta ƙwararru zalla, aka gindaya wa kowane kulob sharaɗin buɗe makarantar horar da yara. Wannan sharaɗin ya fi burge ni, domin yarinyar da ta fara taɓa ƙwallo tana da shekara 16 ta riga ta makara, komai baiwarta.

Don haka idan kina da bakin magana a wurin masu shirya gasa, ki ce su rage yawan ƙungiyoyi zuwa waɗanda za su iya biyan kuɗin mota da alawus a kan lokaci, a raba su shiyya-shiyya don tafiya ta yi sauƙi, a kuma rubuta kwantiragin da iyaye za su gani da idonsu. Ni da kaina nake kai wa iyaye jadawali gida, kuma duk uban da ya ga ranaku a takarda bai taɓa hana ni 'yarsa ba.