Kata Kaɗai Za Ta Iya Kai Yarinya Gasar Afirka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata shekarunta 13, tana koyon karate a nan Nima. Ba ta son kumite, wato faɗa da abokin karawa, kata ce ta shiga ranta, wato jerin bugu da kariya da aka tsara wanda mutum ke nunawa ba tare da abokin karawa ba. Shin da kata kaɗai za ta iya wakiltar Gana?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙwarai kuwa. Kata fanni ne mai lambobin yabonsa daban a ƙarƙashin hukumar karate ta duniya (WKF) da ta Afirka (UFAK). Da ta cika 14 za ta shiga rukunin kadet, 16 zuwa 17 ajin matasa, kuma a kata ana shiga ajin manya tun daga shekara 16.

Sai dai kata ɗaya ba ta isa. A gasar WKF ana sauya kata daga zagaye zuwa zagaye, don haka tana bukatar huɗu ko biyar da ta mallake su sosai daga cikin 102 da hukumar ta amince da su. In salon karate na Shotokan take yi, kada a yi mata gaggawa: ta gyara kata biyar na matakin farko da ake kira Heian tukuna, sannan Bassai Dai da Enpi, kafin a je ga masu wuya irin su Gojushiho Sho ko Unsu. Yara da yawa suna ɗokin tsallen Unsu alhali tsayuwarsu ba ta zauna ba, su dira suna tangaɗi, maki ya zube.

Alƙalai suna duba tsayuwa, da yadda ake sauyawa daga wata zuwa wata, da numfashi, da kime, wato ƙamewar jiki daidai ƙarshen bugu, sannan ƙarfi da sauri da daidaito. Marin riga ko buga ƙafa don a ji ƙara laifi ne, ba ado ba. Abin da ke fitar da mutum gaba ɗaya kuwa: ta sanar da wata kata ta yi wata, ta tsaya cak a tsakiya don mantuwa, ta ƙi rusunawa a farko da ƙarshe, ko ɗamara ta faɗi. Ɗaurin ɗamara ma darasi ne. Za ta bukaci ja da shuɗiya, kuma WKF ta yarda mata su rufe gashi da baƙin ɗankwali.

Ta san kuma da wa za ta kara. A Afirka, Masar da Maroko da Aljeriya ne ke gaba a wannan fanni, kuma Alkahira da Rabat sun karɓi gasar Karate 1, inda ake tara makin matsayi na duniya. Kuɗin tafiya can shi ne babban ƙalubale. Olamfik kuwa kada ku sa rai yanzu: an yi karate a Tokiyo a 2021, inda Sandra Sánchez ta Sifen ta ci zinaren kata tana da shekara 39, amma ba a sa shi a Faris 2024 ba.

Abin yi yanzu, ku tabbatar kulob ɗinta yana da rajista da hukumar karate ta ƙasa, kuma ta riƙa samun atisaye a kan tabarmar gasa mai mita 8 kowane gefe. Wanda ya saba da siminti, ranar farko a kan tabarma ƙafarsa liƙewa take yi wajen juyi.